Wanda Ya Kwance Shi Ke Ɗaurewa

Jikana Yasir ya shiga wani wasan faɗa da ake koyarwa a wani ɗaki mai sanyin na'ura a unguwar Aziziyya. Suna sa fararen kaya kamar masu shirin ihrami, su ɗaura ɗamara mai launi, su rusuna wa juna, sannan su kurma ihu. Yana da gasa mako mai zuwa, sai cika baki yake yi. Ya zo ya same ni da Hausarsa mai ɗingishi ya ce, "Ya jaddi, kai da aka ce ka yi aikin dambe, ka taɓa dukan mutum?" Na ce ban taɓa ba. Ya ce, "To an taɓa dukanka?" Na ce sai dai kakarka, ita ma da baki. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ya'ani igiya kawai kake naɗawa? Wannan ai kowa zai iya."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Ku yi haƙuri da rubutun. Karatuna na allo ya tsaya ne a inda malamin ya gaji da ni, na boko kuwa wani akawun mina ne, wato tashar jiragen ruwa, ya koya mini a bayan buhun siminti, shi ma bai ƙare nasa ba. Amma a ilmin igiya ni shehi ne, duk wanda ya musa ya kawo hannunsa.

Sunana Ilu, sai dai in ka je tsohuwar unguwarmu ka ce Ilu za a tambaye ka wanne, sai ka ce Mai Igiya. A Jidda aka haife ni. Mahaifina ya taso daga ƙasar Gobir da ƙafa don ya sauke farali, ya sauke, ya ce bari ya ɗan huta kafin ya koma, yana nan yana hutawa a maƙabarta har yau. Duk mako ina mina, ina ɗaure kaya a bayan manyan motoci. Ranar Juma'a kuwa, da an sallame la'asar, hannuwan mutane nake ɗaurewa. Mahauta ba sa manta wanda ya ɗaure musu hannu, don haka tukunyar gidanmu ba ta taɓa rasa ƙashin miya ba. Abin da ya sa maka ƙashi a miya kuwa sana'a ce, ko Yasir ya yarda ko bai yarda ba.

Filin damben namu yana kudu da gari, bayan rumbunan kaya, a hanyar Khumra. A lokacin babu komai a wajen sai ƙasa mai gishiri da iskar teku mai danƙo, wadda ke manne maka riga tun ba ka yi aikin komai ba. Mahauta ne suka kafa shi, 'yan dako da masu ruwan garwa suka cika shi. Akwai mu haifaffun nan, akwai waɗanda aikin hajji ya bari a baya, akwai Hausawan Sudan masu cewa "ya zol" kafin su ce sannu. Da yawa ba su da iƙama, takardar zama a ƙasa, saboda haka kalangunmu ma ya san inda yake, a hankali yake magana kamar baƙo a gidan surukai. Mutum zai yi mako ana ce masa "ya walad", wato kai yaro, alhali ga furfura a kansa. Ran Juma'a sai ya zo inda za a kira shi da sunan ubansa da na kakansa. Ku riƙe wannan, don in na ce muku an kusa rasa filin, ku san abin da aka kusa rasawa.

Kayan aikin ba su cika jaka ba. Akwai ƙyallen ciki, tsohon zane da ya sha wanki har ya yi laushi, wanda ake naɗe yatsu da shi bayan an dunƙule hannu. Sabon yadi ba ya yi, zamewa yake in gumi ya zo, gumin Jidda kuwa ba ya jiran gayyata. Sai igiyar kanta, wadda ake kira kara. Mu nan tsohuwar igiyar jirgin ruwa muke warwarewa, mu jiƙa ta a ruwan daɗi ta saki gishirinta, mu sake tufka ta siririya. Sai toka a gwangwani don shanye gumi, sai 'yar wuƙa don gaggawa, shi ke nan. Halas. Ana fara naɗi daga wuyan hannu, a hau bayan yatsu, a dawo, kowane zagaye ya kwanta kusa da ɗan'uwansa kamar sahun salla. Ka matse da yawa, jini ya tsaya, hannu ya mutu kafin turmi na biyu. Ka sassauta, kara ta juya, mutum ya kai naushi ya karya yatsansa da kansa. Wannan ɓangaren kam Yasir ya yi gaskiya, mai haƙuri zai koye shi cikin damina ɗaya, in da ana damina a Jidda.

Wanda ya koya mini shi ne Baba Jatau, tsohon ɗan damben Zamfara mai karkataccen hanci. Ranar da na je na ce ina son koyo, bai ba ni igiya ba. Ya ce, "Je ka gaisa da kowa a filin nan, hannu da hannu, ka dawo ka gaya mini wa zai faɗi yau."

Na ce, "Baba, ni ba boka ba ne."

Ya ce, "Bokan ma hannu yake riƙewa, sakarai. Yalla."

Watanni na yi ina gaisuwa kamar mai neman sarauta. Sannu a hankali na fara ji. Tafin hannun mai tsoro sanyi gare shi, ko da rana na narka kwalta. Wani zai matse maka hannu kamar zai fasa shi. Wannan kansa yake so ya tabbatar wa yana da ƙarfi, wanda ya tabbata kuwa ba ya neman shaida. Wani sai hamma, kuma ba barci ba ne. Wani sai zagawa bayan rumbu, kuma ba shahi ne ya yi masa yawa ba. Ranar da na nuna wa Baba Jatau wani ƙato na ce wannan ne zai faɗi, kuma ya faɗi, ranar ya jefo mini kara.

Ya ce da ni, "Kowane ɗan dambe da mutum biyu yake karawa: wanda ke gabansa, da wanda ya kwana da shi a ka. Na gaban mai sauƙi ne, nama ne da ƙashi. Na cikin kan shi ne ƙato. Aikinka ka rage wa ɗan dambenka tsawon nasa ƙaton, ka ƙara wa na wancan gefe. Igiya dalili ce kawai ta zama kusa da mutum."

Masu zuwa wurina kala-kala ne, kowa da irin tsoratarwarsa. Akwai mai tuma da kirari har jijiyar wuyansa ta tashi. Akwai mai jera layu a damtse kamar mai tallarsu. Ban ce ba sa aiki ba. Suna aiki sosai, musamman a kan wanda ke kallonsu. Akwai wani ɗan dako da kan zo da shebur, ya haƙa ɗan rami a gefen fili, ya ɗaga kai ya auna abokin karawarsa da ido, ya girgiza kai, ya ƙara wa ramin tsawo. Wannan dabara ta ci mutane da yawa, har ranar da wani Bakatsine ya je ya kwanta a ciki, ya ce wallahi ya fi shimfiɗar ɗakinsa sanyi, a tashe shi in an shirya. Daga ranar shebur ta koma aikinta na yashi. Ni kuwa makamina jinkiri ne. Sai in zaunar da mutumina inda wancan zai gan shi, in yi ta naɗi a hankali muna hirar tsadar albasa. Jira yana cin mai tsoro kamar yadda gishiri ke cin ƙarfe.

Akwai wata doka a filinmu da ba na jin akwai ta a wani wuri, sai na bayyana ta kafin ku gane sauran. Tun kafin zamanina wani ya taɓa cusa ƙarfe a cikin kara ya ɓata wa wani fuska. A ƙasar mutane, jini na jawo askar, wato 'yan sanda, askar na jawo tambayar takarda. Sai dattawa suka ce, kafin a shiga, mai ɗaurin kowane gefe zai tsallaka ya taɓa karar ɗaya gefen. In ya gamsu ya ce "lafiya", ya saki. In bai gamsu ba, yana da ikon ya kwance. Amma kwancewa zargi ne, kuma don kada a riƙa zargin mutane a banza, aka ce in ka kwance ba ka sami komai ba, kai za ka durƙusa a gaban mutumin ka ɗaure masa da hannunka, jama'a na yi maka eho. Wanda ya kwance shi ke ɗaurewa. Abin kunya ne babba, mai ɗauri kan yi shekara ana tsokanarsa da shi. A duk zamana ban ga wanda ya yi ba, kafin shekarar Kurum.

Ba na riƙe lissafin shekaru. Na dai san lokacin Baba Jatau ya tsufa ya bar ɗauri, ya zama uban fili, yana zaune kan akwatin katako da sandarsa yana raba gardama. Kurum Bahaushen Sudan ne, ya tsallako teku tare da kawunsa Haruna, wanda shi ne mai ɗaure masa hannu. Ƙato ne, amma mun ga ƙatti. Abin da ba mu taɓa gani ba shi ne ɗan damben da ba ya komai. Ba kirari, ba tuma, ba laya. Zai zo ya zauna ya ba fili baya, kamar taron ba nasa ba ne. Ko a mina, inda yake dako, ba wanda ya taɓa jin muryarsa, shi ya sa aka sa masa Kurum.

Kawun kuwa bakinsa ya ishi mutum biyu, kuma gwani ne, dole in ba shi haƙƙinsa. Ba ya faɗin komai kai tsaye. Sai ya zauna a wurin mai shahi, ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Allah ya jiƙan yaron nan na Gadarif." A ce, "Wane yaro, ya Haruna?" Ya ce, "Ma'alesh. Ya wuce." Ya kurɓi shahinsa. Kafin Juma'a yaron Gadarif ya zama yara uku, har da wanda aka ce kansa ya juya baya.

Waɗanda suka fara karawa da Kurum sun faɗi tun a turmin farko. Naushinsa na gaske ne, ban hana ba. Amma na lura akwai waɗanda gwiwarsu ta riga naushin isa ƙasa. Daga nan aka daina karɓar hannunsa. Al'adar ita ce ɗan dambe ya zaga fili yana miƙa hannu, wanda ya shirya ya miƙe. Kurum zai zaga, maza su yi ta nazarin yatsun ƙafarsu. Abin ya wuce nan: sauran ma suka daina karawa da juna, don duk wanda ya yi kisa shi jama'a za su nuna su ce to ga Kurum. Sai ya zama ana taruwa ba a wasa. Maza kuwa in suka taru ba abin kallo, junansu suke kallo. Aka fara "ku 'yan Sudan", "ku 'yan Jidda", har wata Juma'a aka zaro sanduna.

Ranar Baba Jatau ya buga sandarsa a jikin akwati ya ce, "Taron maza ba wasa, fitina ce ke jiran askar. Ba zan zauna a kwashe 'ya'yan mutane a jirgi saboda ni ba. Juma'a mai zuwa, in ba wanda ya karɓi hannun yaron nan, na rufe fili. Halas." Baba Jatau kuwa in ya ce halas, ko ladan ba ya ƙarawa.

Washegari da safe na tafi mahauta wurin Bawa. Bawa gajere ne mai kauri, ba shi ne gwanin fili ba, amma yana da wuyar kayarwa, wataƙila don ƙasa ba ta da nisa da shi, ba ya ɗokin zuwa. Yana hango ni ya ce, "Ilu, in nama kake so ɗauki. In wancan zancen ne, ina da 'ya'ya."

Na ce, "Wane zance? Gaisuwa na zo."

"Gaisuwarka ta fi sammaci."

"Wa ya ce ka kashe shi? Tsayawa kawai za ka yi."

"Tsayawa a gaban babbar mota ma ai tsayawa ce."

Na ce, "Ka taɓa ganin an doke shi?" Ya ce a'a. Na ce, "Ni ma haka. To wanda ba a taɓa duka ba bai san ko zai iya sha ba. Kai kuwa tun kana yaro ake dukanka, ka ƙoshi, ka san ba a mutuwa."

"Wannan yabo ne ko zagi?"

"Ran Juma'a za ka sani."

Ya ci gaba da sara kamar ba na wurin. Na juya zan tafi, sai na ce, "Af, Bawa. In an rufe fili, a ina za a riƙa kiranka ɗan Magaji jikan Sarkin Fawa? A wurin kafilinka, Balaraben da ke riƙe da takardunka?" Bai ɗago ba. Ya sari ƙashi, ya sake sara, sannan ya ce, "Ka zo da igiya mai kyau."

Ran Juma'a Kurum ya zaga, Bawa ya miƙe, fili ya ɗauki sowa. Amma da na zaunar da shi na kama hannunsa, sai na ji kamar na kama kifi daga ƙanƙara. Hamma yake yi ba ƙaƙƙautawa. Ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Ilu, in wani abu ya faru, wuƙaƙena na ƙanena ne." Na san in ya shiga a haka, iskar naushin farko za ta kayar da shi, kuma faɗuwa irin wannan ba za ta ceci fili ba, sai dai ta ƙara wa yaron Gadarif 'yan'uwa. Na yi hirar albasa, ba ta yi ba. Na gama ɗauri, na tashi na tsallaka duban kara, ba ni da wata dabara a kaina. Masu cewa na shirya abin tun daga gida suna ba ni wayon da ba ni da shi.

Kurum na zaune ya ba fili baya, Haruna na tsaye a kansa. Na zagaya gabansa na kama karar. Babban yatsana ya sauka a wuyan hannunsa, sama da inda igiya ta ƙare, sai na ji jijiya na gudu kamar ɗan akuyan da ya ga wuƙa. Damtsen sanyi ƙalau. Na ɗaga kai na dubi fuskarsa, karo na farko da na gan ta kusa. Ashe yaro ne, gemunsa ma bai gama haɗuwa ba. Idonsa na ƙasa, leɓɓansa na motsi, addu'a yake yi.

A nan na gane. Kawunsa ya gina masa gida mai tsawo ya manta bai sa ƙofa ba. Kowane mako labari na ƙara girma, shi kuma dole ya ɗauka, ga shi ba a taɓa dukansa ba balle ya san iyakar abin. Mu muna tsoron Kurum, shi ma Kurum ɗin yake tsoro, kada wata rana ya kasa zama shi.

To amma sani a cikina ba ya amfanin kowa. In na koma na ce wa Bawa yaron nan tsoro yake ji, zai ce Ilu ya fara zancen albasa. Sai fili ya gani da idonsa. Sai na ji bakina ya ce, "Zan kwance."

Wuri ya yamutse. Haruna ya yi tsalle ya ce, "Ya zol! Mu kake zargi? Mu?" 'Yan Sudan suka miƙe, namu suka miƙe. Baba Jatau ya buga sanda ya ce, "Doka ce, kowa ya zauna. Ilu, ka san abin da ke biye?"

Na ce, "Na sani, Baba." Sannan na ɗaga murya yadda na baya za su ji. "Ni ba ƙarfe nake nema ba. An matse wa yaron nan hannu ne. Ɗan mutane ne, da hannun nan yake ci. Ba zan ga zai lalace in yi shiru ba."

Haruna ya ja da baya. Zargi ya shirya wa amsa, bai shirya wa tausayi ba.

Na warware karar, na buɗe ƙyalle, ba komai sai yatsu. Aka yi mini ehon da doka ta tanada, har da masu fito. Na durƙusa a gabansa. Na miƙe yatsun ɗaya bayan ɗaya, na murza su da toka, na hura musu iska, ina yi masa magana kamar ƙanena. "Sannu. Ya yi zafi ko? Mahaifiya na nan da rai?" Ya ɗaga kai alamar e. Na ce, "Allah ya ja kwananta. Ka ga ita ba ruwanta da kisa, hannunka lafiya take so." Eho ya mutu, don mutane na so su ji me nake cewa. Na yi ta naɗi a hankali, jinkirin nan nawa, har filin ya yi tsit, ana jin kukan tsuntsayen teku. Da na kai zagayen ƙarshe sai na tsaya, na yi masa tambayar da kai ba ya amsawa. Na ce, "Nan ya yi, ko in ƙara sassautawa?"

Ya dubi kawunsa. Ya dube ni. Ya ce, "Ya yi. Allah ya saka da alheri, yaya."

Murya irin ta kowa, 'yar dusasshiya, Hausa mai ɗanɗanon Sudan. Wani daga baya ya ce, "La! Ashe yana magana!" Wani ya ce, "Har da godiya!" Aka fashe da dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda 'yan dako ke yi in an sauke musu buhu daga ka.

Na koma wurin Bawa. Ya ce, "Me ya ce maka?"

"Ya ce Allah ya saka."

"Shi ɗin?"

"Shi. Yana da uwa ma a Sudan."

Na kama hannun Bawa na hagu, na ji ɗumi na dawowa. Ya ce, "To ashe ɗan mutum ne."

Na ce, "Ɗan mutum ne. Amma naushin na gaske ne, ka rufe kanka, kada ka ce ban faɗa ba."

In kuna jira in ce Bawa ya kashe Kurum, ku je wurin masu tatsuniya. A turmin farko Kurum ya sakar masa ɗaya a kafaɗa, wadda na yi imani an ji ta a mina. Bawa ya yi tangal-tangal kamar garwar da aka shura, amma hannu bai taɓa ƙasa ba, gwiwa ba ta taɓa ba. Ya girgiza kai ya dawo. A na biyu ya shige ƙarƙashin dogon hannun nan ya zuba masa ɗaya a haƙarƙari. Na ga fuskar Kurum a lokacin. Mamaki ne ya fara zuwa, sannan wani abu kamar sauƙi: an doke shi, ga shi kuma a tsaye, sama ba ta faɗo ba. Na uku kuwa dambe aka yi na gaske, irin wanda muka yi watanni ba mu gani ba, har rana ta faɗa teku, Baba Jatau ya ɗaga sanda ya ce ba kisa. Bawa ya yi mako yana sara da hagu, yana zagina a duk saran.

Juma'ar da ta biyo, Kurum na fara zagaye maza suka miƙe, har ana gardamar wa ya riga. Ya kayar da wasu. Wata rana wani siririn mai ruwan garwa ya kayar da shi, ya tashi ya kakkaɓe wandonsa yana dariya. Filin ya yi shekaru bayan nan, har gari ya iso wurin aka kafa rumbuna a kansa. Abin da tsoro bai yi ba, siminti ya yi. Ni kuwa na ci shekarata ta tsokana cif, yara na bina a unguwa suna cewa Ilu Mai Kwance. Haruna ya daɗe ba ya amsa sallamata, kuma ban ga laifinsa ba. Ginin shekaru na rushe masa da gwangwanin toka.

Kurum, wanda ashe Usman ne sunansa, daga ranar bai yarda wani ya ɗaure masa hannu ba sai ni. Ya yi aure, ya zauna a unguwar Bani Malik, ya zama mutum mai surutun da sai an roƙe shi ya bar wa wasu. Duk taron suna ko ɗaurin aure da muka haɗu, sai ya kamo ni ya ɗaga hannunsa na dama ya ce, "Kun ga wannan? Yaya Ilu ne ya cece shi. Wallahi ranar jini ya tsaya, yatsuna sun mutu, ban iya faɗa ba. Yana sake ɗaurewa na ji rai ya dawo." Haka ya yi ta faɗa har Allah ya karɓi abinsa.

To ga abin da ban taɓa gaya masa ba. Ɗaurin Haruna ba shi da aibi ko na ƙwayar gero. Ni kaina ba zan fi shi ba. Da na kwance, igiyar ta bar sawunta a jikin ƙyalle da fata, sai na bi sawun nan na mayar da ita yadda take, zagaye a kan zagaye, ban ƙara ba ban rage ba. Amma Usman ba maƙaryaci ba ne. Ya ji an matse shi, kuma ya ji an sassauta. Na daɗe ina tunanin wannan a bakin ƙofa bayan la'asar, da ɗan guntun karatuna, har yau ban gama ba.

Saboda haka, Yasir, in ka gama karanta wannan, ko in an karanta maka, ka zo kafin ranar gasar taku. Ba sai ka gaya mini ko kana tsoro ba. Kawo hannu mu gaisa kawai.